Ku Dogaye, Ku Bari Gajere Ya Yi Magana

Na san abin da za ku ce. Wai a ƙasar da ba a rasa tela a kowane lungu, inda ƙarar keken ɗinki ke hana unguwa barci a goman ƙarshe na azumi, a ce wani ya cika shafi guda da kukan bai samu rigar da ta yi masa daidai ba. Shinkafa ta yi tsada, kuɗin mota ya ninka, shi kuma damuwarsa hannun riga. Na ji. Na kuma lura da masu faɗar haka: ko dai dogaye ne ko masu tumbi, mutanen da duk abin da suka zura sai ya zauna musu ɗas. Ku ɗan saurara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ce dogo da hankali dace ne, amma ina kyautata zaton yau an dace.

Mutumin da nake magana a kansa magidanci ne, wataƙila har da 'ya'ya uku. Tsawonsa ƙafa 5 da inci 2 ko 3, ƙugunsa inci 27 ko 28, wuyan rigarsa da kyar ya kai inci 14. Lafiyarsa ƙalau, yana tashi da malmala biyu ta tuwo, jikin ne dai ba ya godiya. Kada wani ya kawo mini maganin ƙiba, ba shi muka zo nema ba.

Shawararku ta farko, wadda kuke bayarwa kuna hamma, ita ce a kai wa tela ya yanke ƙasan. Alhaji, da haka abin yake da ba a yi wannan zama ba. Riga ba tsawo kaɗai ba ce. Wanda ya yanka ta ya auna inda kafaɗa za ta tsaya, inda hammata za ta faɗa, inda aljihu zai zauna, duk a kan jikin wani ƙato da ba mu taɓa gaisawa da shi ba. Ka datse inci huɗu a ƙasa, ɗinkin kafaɗar yana nan a tsakiyar damtse, aljihun ƙirji yana nan a kan cibiya, ramin hammata ya sauko har haƙarƙari, in mutum ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai rigar gaba ɗaya ta bi shi sama. Wando ma haka. An yanke ƙafa, amma hantsar tana lilo kusa da gwiwa, inda aka tanada don gwiwa kuma ya koma kan ƙwauri.

Laifin ya samo asali tun daga nesa. Wannan tsari na ɗinka wa maza kaya da lamba, ba tare da an ga mai sawa ba, ya kankama ne a Amurka lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, da aka buƙaci kakin soja masu ɗimbin yawa cikin gaggawa. Aka auna sojoji, aka ga yawanci faɗin ƙirji yana tafiya da sauran gaɓoɓi, aka yanka 'yan lambobi kaɗan. Har yau kwat ɗin Bature da faɗin ƙirji ake kiransa: 36, 38, 40, sannan a liƙa masa harafi, S na gajere, R na matsakaici, L na dogo. Wandon da ke zuwa da shi kuma bisa al'ada ƙugunsa yana ƙasa da lambar kwat ɗin da inci 6, wato kwat 38 ya zo da wando 32. To mai ƙugu 28 fa? Lissafi ya ce ya nemi kwat 34, mai harafin S. Ku shiga kasuwa ku nemo mini shi, ina jira a inuwa.

Na ji wani daga baya yana cewa wa ya aike shi sa kayan Nasara, ya sa jallabiya mana. Madalla da wannan wa'azi. Ita jallabiyar da ake kawowa daga Saudiyya da Dubai, lambar da ke wuyanta tsawonta ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. Mutuminmu 52 yake nema, in ya matsa 54. Ɗan kasuwa kuwa ba wawa ba ne, abin da ya fi tafiya yake sarowa, 56 da 58. Haka ma ɗan'uwan da ya je aikin Hajji: ya tsaya a shago ana gobe jirgi zai tashi, ya ce a ba shi dozin, duk lamba ɗaya. Tsaraba ta iso, an gode, an yi addu'a. Ran Juma'a gajere ya zura ta, tana share masa hanya tun daga ƙofar gida har masallaci, ya zauna a sahu, liman kuma ya ɗauko huɗuba a kan masu barin tufafi suna ja ƙasa da idon sawu. Kowa ya waiwayo. Bawan Allah ba girman kai ne ya sa shi jan riga ba, kawunsa ne bai san lamba ba.

A gwanjo ne ake ɗan samun sa'ida, shi ma sai wanda ya san takan abin. In ka shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ranar da aka fasa dila, abin tambaya na farko shi ne daga ina dilar ta fito. Kayan Turai da Amurka an yi su ne don mutanen da, a ƙasa irin Holan, matsakaicin tsawon namiji ya kai wajen santimita 183. Abin da suka rubuta wa S a can, a jikin mutuminmu babbar riga ce ba aiki. Kayan Koriya da Japan da Sin su ne nasa: kafaɗa tsukakkiya, hannu gajere, abin da suka kira M sau da yawa shi ne S na Amurka. Saboda haka harafin da ke wuya ba abin dogaro ba ne. Mai wayo yana tafe da tef ɗinsa na awo a aljihu, ya shimfiɗa riga ya auna daga ɗinkin kafaɗa zuwa ɗinkin kafaɗa, in ta wuce tasa ya ajiye ta komai kyanta. Tsawo ana ragewa, ciki ana tsukewa, amma kafaɗa, musamman ta kwat mai soso a ciki, gyaranta sai an kusa warware rigar duka, kuɗin aikin ya fi kuɗin saye.

Daga nan sai mai gwanjo ya rage murya, ya ce, “Maigida, ko za ka duba ɓangaren yara?” Ku yi dariyarku, na ba ku minti ɗaya. Kun gama? To gaskiya ana dacewa a can. Rigar ɗan shekara 14 zuwa 16 ta Turai takan zauna wa siririn magidanci cif, kuma ta fi araha. Sai dai a duba da kyau, don wandon yara hantsarsa gajeriya ce, wani da roba a ƙugu, wata rigar kuma ka juya bayanta ka tarar da zanen kada yana buga ƙwallo. Ba a zuwa ɗaurin aure da kada.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan. Ka ɗaga shat mai kyau, fara sol, kafaɗa daidai, hannu daidai, ka ce yau Allah ya yanke wahala. Duba maɓallan. Na maza a dama suke, na mata a hagu, kuma ta mata takan zo da 'yar tattara a gefen ƙirji. Mutum dubu za su wuce ba su lura ba, amma matarka za ta lura tun kana bakin ƙofa, ƙanwarta kuma za ta kai labarin gidan suna. Abin dariyar shi ne su ma matan suna da irin wannan kuka ta ɗaya gefen. 'Yar sanda, da sojar mace, da 'yar bautar ƙasa, kakin da ake miƙa musu sau da yawa yankan maza ne, shi ya sa telolin da ke kasuwar sansanin horo ba sa zama a makon farko. Siririyar yarinya da siririn saurayi layi ɗaya suke bi, kowa rungume da wandon da zai ɗauki biyunsa.

Yanzu mu zo kan telan naku da kuke ta nuna mini. Ina girmama tela, ba na son abin da zai haɗa ni faɗa da mutumin da shaddata ke hannunsa ana saura kwana tara Sallah. Amma telan Hausa yana da wata akida da ya gada: rowa ce a ɗinka wa babban mutum riga daidai jikinsa. Zai auna ka tsaf, ya rubuta a littafi, in ya zo yanka sai ya ƙara inci biyu saboda albarka. Ka yi magana, ya ce, “Yallaɓai, ai za ka yi jiki.” Shekara ashirin ana jiran jikin nan bai iso ba. Wani kuma tun yana yaro ake yi masa haka, uwa ta ce a sake masa don ya girma a ciki, ya girma ɗin bai cika ta ba.

Ko an samu ya rage faɗin, sai a tarar bai rage sauran ba. Yana da ma'aunin aljihu guda ɗaya a kansa, da shi yake yi wa kowa. Tsagar wuyan kaftani da ke tsayawa a ƙirjin dogo, a jikin gajere sai ta gangaro ciki. Aikin da mai zane ya fitar don ƙirji mai faɗin tabarma, shi za a dasa wa mutumin da ƙirjinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Hannun links a yi masa faɗin inci uku, maɓalli manya. Kowane abu shi kaɗai ba laifi, amma in aka haɗa sai ka ga kamar an lulluɓe taɓarya da bargo. Abin da ya kamata a gaya wa tela, a kuma tsaya a kansa har ya rubuta, shi ne komai ya ragu tare: aljihu ya ƙanƙance ya hau sama, tsagar wuya ta gajarta, aiki ya zama siriri, tsagar gefe ta fara daga inda cinyar mai rigar take, ba ta maƙwabcinsa ba. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka kai masa tsohuwar rigar da ta taɓa yi maka daidai, ka ce ga malamarka, kada ka ƙara kada ka rage. Ka kuma ce a wanke yadin kafin a yanka in mai shiga ne, kada a fake da “zai shiga” a ƙara maka wani incin.

Na san inda za ku ɓullo: kwarjini. Wai namiji sai da babbar riga, yadi goma na shadda Getzner, ta sha bugu tana ƙara, aska takwas tun daga kafaɗa har gwiwa. Ban musa ba, a jikin mai jiki abin kallo ce. Sardauna ya sa ta ta amsa, tunda Allah ya ba shi tsawo da faɗin da za su ɗauke ta. Amma a zamani guda da shi akwai Malam Aminu Kano, ɗan ƙaramin mutum, farin tufa mara tarkace da jar hula, kuma har ya rasu a 1983 ban ji wanda ya ce kwarjininsa ya gaza don yadinsa bai kai goma ba. Filin jirgin saman Kano sunansa yake amsawa. Gajere yana iya sa babbar riga, sai dai a yanka ta don shi: faɗinta kada ya wuce wuyan hannunsa in ya miƙe hannuwa, yadin ya zama mai laushi da zai kwanta, sitati kaɗan. In ba haka ba, wuni zai yi yana naɗe hannun riga a kafaɗa tana zamowa, ba zai samu hannun gaisawa da mutane ba.

Ku kuma samarin da kuke tafa mini, kada ku yi saurin murna, ban ce a tsuke ba. Wannan ɗinkin da wando ke kama ƙwauri har sai an sa leda a ƙafa kafin a cire shi, riga kuma ta ɗame har ana ƙirga haƙarƙari, ba ya ƙara wa siriri komai sai tallan ramarsa. A bar wa jiki wurin shan iska, a bar wa gwiwa wurin sujada. Riga da wando su zama launi ɗaya, don ido ya tafi daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ba. Zane in za a sa, ƙanana. Hula kuma a nemi mai matsakaicin tsayi. Na ga masu ɗora doguwar zanna bukar don su ciyo inci uku, alhali kowa ya san inda kai ya ƙare, hula ta fara.

Takalmi ban ma son tayar da maganarsa. Na maza a yawancin shaguna daga lamba 40 yake farawa, mai 38 ko 39 sai dai ya je wurin baduku a yanka masa, ko ya cusa auduga a gaba yana tafiya yana addu'a.

Saura lissafi, tunda da kuɗi kuka fara yi mini gori. Dogo mai jiki yana buƙatar yadi biyar kafin ya samu kaftani da wando, wani ma sai an ƙara. Mutuminmu yadi huɗu ya ishe shi har da saura. Kuɗin ɗinki dai ɗaya ake karɓa, wannan zalunci ne da za mu tattauna wata rana. Amma in an sayi yadi goma, shi zai fitar da kaya biyu, ragowar kuma ta yi wa ɗansa 'yar shara, muddin ya tuna ya ce wa tela a dawo masa da ita, don ragowar yadi ba ta san hanyar gida da kanta ba. Ku kuwa dogaye, ran Sallah in an fito daga Idi, sai ku naɗe ƙafafun nan naku da yadinku biyar ku shiga A Daidaita Sahu, gwiwa a haɓa. Mu za mu zauna a gefenku mu miƙe ƙafa.