Alhaji Dala, Cire Abin Kunnen Mu Gaisa

Alhaji Dala, ɗan Kurmi, jikan masu ƙirga kwabo da fitilar ƙwai, ubangidanka na Zazzau yana gaisuwa. Da baki na so in gaishe ka, to amma yanzu mai son magana da kai sai ya yi ta ɗaga hannu yana tsalle, saboda fararen abubuwan nan biyu da ka cusa a kunne. Shi ya sa na rubuto, tunda an ce ka zama marubuci, wataƙila ka iya karatu.

Ka ce AirPods ne. To, Allah ya sa. Kamfanin Apple ya fito da su a ƙarshen 2016, bayan ya toshe ramin iyafis a iPhone 7, kuma tun daga lokacin ban taɓa jin an sayi na gaske a hannun yaro mai talla a danja ba, balle a kan kuɗin da ka faɗa kana washe baki. Na hagun yana mutuwa kafin azahar. Na daman kuwa wata mata ce a ciki, kullum tana yi maka sanarwa da irin Turancin da ko mu a Samaru muka kasa fassarawa. Da Oraimo ka saya ka huta, ai ba abin kunya ba ne. 'Yan ɗaki ɗaya ne da Tecno da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma su suka san zurfin aljihun talaka. Amma ina! Bakano yana son a ce, ba ya son ya biya.

Ba don kai ba, don Hajiya da za ta ƙare rayuwa tana yi maka ihu, bari in gaya maka wata gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙara mai yawa, kuma iyakar da ta ba babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Na san ka daɗe da fita sahun matasa, furfurar gemunka shaida ce, amma ƙananan gasun da ke can cikin kunne ba su san shekaru ba, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Rage ƙarar, malam. Ita kuma lasifikar nan mai fitilu ja da kore da kake ajiyewa a zaure, maƙwabta sun ba ni saƙo, amma tarbiyyata ta hana ni isarwa.

Sai tabulet. Ranar da ka dawo da ita daga Farm Centre ka ce daga yau ofis ɗinka yana hammata. Lokacin da Steve Jobs ya ɗaga iPad a Janairun 2010, na tabbata bai hango wani mutumin Kano zai ɗaga irinta a wurin ɗaurin aure ya tare wa sahu guda ganin ango ba. A gida kuma kowa ya san aikinta: da rana yara su yi wasan mota, da dare Hajiya ta kalli Daɗin Kowa, kai kuma aikinka neman inda za a sa caji.

Duk wannan zan iya yafewa, da ba ka tara jama'a ka ce jari ne ba. Wai kayan aikin bulog ne, wai nan da watanni kaɗan dala za ta fara shigowa kana barci. Kai da aka haifa a bakin kasuwa, ka taɓa ganin wanda ya sayi sikeli da kujera da rediyo, ya share rumfa fes, ya zauna jiran ciniki alhali ko mudu ɗaya na hatsi bai kasa ba? To haka shafinka yake. Na leƙa. Labari uku ne, biyu ka kwaso daga wani wuri har da kurakuransu, na ukun kuma hotonka ne da babbar riga.

Zauna in koya maka, don koyarwa gadonmu ce, jami'a tun 1962 muke da ita. WordPress da kake taƙama da ita kyauta ce, gaskiyarka, tun 2003 da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita, kuma yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kanta suke. Na san kalmar kyauta ce ta ja ka. Sai dai sunan shafi da wurin ajiye shi biya ake yi duk shekara. Data ma saye ake yi, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 a kan kuɗin kira da data. Kafin ka ga sisi, ka riga ka zuba.

Ita kuwa AdSense ta Google, wadda kake ambata fiye da sunan surukarka, tana da nata sharuɗɗan. Sai ta duba shafi ta amince, kuma kayan kwashe ba ya burge ta. Hausa ma ba ta cikin jerin harsunan da take karɓa, Turancinka kuwa mun san iyakarsa, daga "kam" sai "go". In Allah ya yi maka gyaɗar dogo ka shiga, sai kuɗinka ya kai dala 10 su aiko maka da lambar sirri ta gidan waya don su tabbatar da adireshinka. Ina so in ga ɗan saƙon da zai gano "bayan gidan mai unguwa, kusa da mai ƙosai". Ba za su biya ba kuma sai ka tara dala 100. Ga shi abin da masu talla ke biya a kan mai karatu daga nan bai kama ƙafar na mai karatu daga Amurka ba, don haka sai an yi dubban ziyara kafin a ga abin kirki.

Dabarar da na ji kana shiryawa ma na sani: a tara yara da 'yan uwa da almajiran unguwa, kowa ya riƙa latsa talla safe da yamma. Wayon Kanawa ke nan, na gajeren zango. Injinan Google suna gane latsawar bogi, kuma hukuncinta rufe asusu ne, har abin da ka tara ya bi ruwa.

Kullum hujjarka Linda Ikeji, wai da bulog ta sayi gida a Banana Island. Ta saya, a 2015. Amma tun 2006 take rubutu ba dare ba rana. Shekara tara ke nan, Alhaji, kai kuma ko wata tara ba ka taɓa yi a kan sana'a ɗaya ba. Ina kiwon kifin? Ina kajin? To, na yi shiru, kada a ce na tona maka asiri a jarida.

Abin haushin shi ne kana da abin sayarwa, ba ka sani ba. Duk iskancin da nake maka, ban san wanda ya fi ka sanin farashi ba. Ka san yadda buhun masara da riɗi suka kwana a Dawanau, ka san wace atamfa ce ke tafiya a Kantin Kwari, ka san lokacin da kaya za su tashi tun kafin masu kayan su sani. Manomi a Giwa da ɗan kasuwa a Maradi za su buɗe shafi kullum don wannan, da Hausa tsantsa, kuma ranar da suka taru, masu shaguna da kansu za su kawo maka talla su biya da naira a hannu, babu jiran wasiƙa. Wannan aikin ko da ƙaramar wayarka mai fasasshen gilashi za ka iya yin sa.

Don haka ka bar wa yara tabulet ɗinsu, ka cire abin kunnen, ka shiga kasuwa ka saurari mutane. In kana da amsa, fili a buɗe yake, ina jira. Amma ka rubuta da kanka, kada ka kwaso ta wani.