Magina Tukwane Iri-Iri

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar magina, ko a Ushafa ko a sashen koyon ginin yumɓu na Jami'ar Ahmadu Bello, ya san halin mutum kan fito a tukunyarsa tun kafin ya buɗe baki.

Da farko akwai Sarkin Sauri. Ba ya cuɗa yumɓu, ba ya daidaita shi a tsakiyar faifan juyi. Yana taka faifan, curin ya tashi ya manne a rigar na kusa da shi. Tulunsa bai gama bushewa ba zai tura shi wuta, danshin ya fasa shi, ya haɗa da kayan mutum biyar. Ya ce iska ce.

Sai Malam Da-Gangan-Na-Yi. Butarsa ta karkace kamar mai ciwon wuya, bakinta na kallon gabas, mariƙinta na kallon kudu. Ka yi magana, ya ce ba ka fahimci fasaha ba. Ka zuba ruwa, buta ta yi alwala kafin kai.

Akwai kuma Bokan Ƙyalli. Shi ne mai tankaɗe toka da garin dutse cikin dare, yana ɓoye ma'auninsa ko ga matarsa. Ya yi wa kowa alkawarin koren kwano, aka buɗe tanderu sai ga launin kunun kanwa. Da yake har gindin kwanon ya shafe, ruwan ƙyallin ya narke ya liƙe da shimfiɗar tanderu, sai da guduma aka raba su.

Ɗan Littafi ya haddace cewa sai zafi ya haura digiri 1,200 tangaran yake nuna. Zai yi maka bayanin sa'a guda, amma ko kaskon turare bai taɓa gamawa ba.

Can gefe ga Iya, ba faifai, ba ma'auni. Tana murza yumɓu kamar igiya, tana ɗorawa, tana zagaya randa da ƙafarta. Aka ce ta gwada faifai, ta ce, "Ɗan nan, ai ni ce faifan." Kada ka yi mata dariya. Da irin wannan hannu maginiya Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ta koyi faifan da ƙyallin ba ta yar da na gida ba, ga ta nan a bayan naira 20.

Na ƙarshe shi ne Alhaji Mai Ƙwanƙwasa. Zai bi randa goma yana bugu da ɗan yatsa, yana kasa kunne kamar likita, ya taya rabin kuɗi, sannan ya wuce ya sayi bokitin roba. Da azahar kuma ka gan shi gidan Iya, yana roƙon ruwan randa mai sanyi.