Tattakin Asabar a Tagwai

Mutumin Minna ba ya wasa da ƙafarsa. Daga Mobil zuwa Kasuwar Kure sai ya tsayar da Keke Napep. Ko masallacin unguwa, in da hali, a babur zai je. Amma ranar Asabar sai a ɗaura kambas, a kafa hular hana-sallah, wai za a je tattaki madatsar ruwa ta Tagwai.

Tattakin kuwa a mota ake fara shi. A bi hanyar Chanchaga, gilashi a rufe. Da isa, a yi miƙa, a dubi ruwa kwance tsakanin tuddai, a ce masha Allah. Taku goma, hoto. Wani taku goma, wani hoton, wannan karon hannu a ƙugu. Kafin a kai bakin ruwa Alhaji ya fara haki, ya nemi gindin bishiya. A buɗe kula: dafa-duka, soyayyar kaza, zoɓo mai ƙanƙara. Motsa jiki ai sai da ƙarfi.

Ana cikin haka wata Bagwariya ta zo wucewa, damin itace a kafaɗa, goyo a baya, silifas a ƙafa. Tun asuba take hawa da sauka a tuddan nan. Ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba, saboda haka a hukumance ba ta yi tattaki ba.

Da yamma Facebook ya shaida cewa lafiya uwar jiki ce.

In za ka je mako mai zuwa, ka cika wayarka da caji. Ƙafa kam, ko ka manta ta a gida ba laifi.