Sababbin Marubutan Potiskum: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Duk shekara, idan yaran Potiskum suka shiga ajin farko a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, ko suka tafi jami'ar Damaturu ko ta Gashuwa, sai ciwon alƙalami ya kama wasunsu. Kafin hutun farko sun rabu gida-gida.

Akwai Sarkin Amsa-amo. Ranar da aka koyar da ƙwar biyar, ranar ya zama sha'iri. Idan ya kama "wa" a ƙarshen ɗango ba ya sakinta sai baiti talatin: budurwa, guguwa, mutuwa, har tafarnuwa sai ta shigo waƙar soyayya. Ka tambaye shi karin waƙar, ya ce ai Aƙilu Aliyu ma baiwa ce Allah ya ba shi.

Sai Alhaji Dubai. Iyakar tafiyarsa Kano, amma jarumin labarinsa a Landan yake karin kumallo. Ga kara a bayan gidansu, ɗaya daga manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, inda dillali da Bafulatani ke wasan kwaikwayo kyauta, ga direbobin tirela da labaran hanyar Legas. Shi dai a'a, wai wannan ba adabi ba ne.

Na uku Malam Sai-gobe. Ya zaɓi laƙabi, ya rubuta sadaukarwa da godiya, ya sa hoton bangon littafin a Facebook, abokai sun yi ta "Allah ya ƙara basira". Babi na ɗaya ne kawai ya rage.

Hajiya Hikayata kuwa ba ta farkawa sai BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata da ta faro a 2016. A shafi huɗu za ta kashe uwa, ta makantar da uba, ta aurar da marainiya ga tsoho mai mata uku. Tausayi take nema ko da tsiya.

Kada a manta da Farfesa. Ya haddace jigo, salo, zubi da tsari. Ka miƙa masa labarinka, ya gyara gilashi ya ce, "Ɗan'uwa, warwarar jigonka ta yi rauni." Nasa rubutun har yau ba wanda ya gani.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi. Ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam har bango ya cire, yana zama wurin mai shayi yana sauraron yadda Bolawa, Ngizimawa da Karekare ke murɗa Hausa, ya rubuta shafi goma ya yaga takwas. Shi ne zai fitar da littafi. Ranar ƙaddamarwa Sarkin Amsa-amo zai yi masa waƙa, Sai-gobe zai yi alƙawarin nasa yana tafe, Farfesa kuma zai ce jigon bai fito ba.