Gaisuwa ga Maƙeran Kare

Ranku ya daɗe, manyan Ingila masu kiwon kare ɗan asali, iyayen gidan Kennel Club, magada gwaninta tun 1873, masu awon hanci da ma'auni, masu rijistar kakan kakan kwikwiyo, waɗanda suka dubi dabbar da ta yi shekaru dubbai tana gudu a bayan ɗan Adam suka gano abin da ya rage mata. Maharba sun zauna da kare ba su gani ba. Makiyaya sun kwana sun tashi da shi ba su gani ba. Sai da kuka zo aka san cewa babban aibin kare shi ne hancinsa: ya yi tsawo, iska tana shiga tana fita a banza, babu wahala, babu biyan ko sisi. Yabon gwani ya zama dole, yau kuma ranarku ce.

A fara da sarkin fada, buldog, kan tulu, ƙirjin ganuwa, mai takun ƙasaita, tambarin Ingila a idon duniya. Kakansa ɗan tasha ne, mai dogayen ƙafafu da zafin nama. Sana'arsa a sake shi a kan ɗaurarren bijimi, ya cafki hancinsa ya maƙale, 'yan kallo suna zuba caca. A 1835 majalisar dokoki ta haramta wasan, kare ya wayi gari ba aikin yi. Da a hannun ƙananan mutane ya faɗa, da gadin gida zai ƙare. Allah ya so shi da masu hangen nesa. A 1875 aka kafa ƙungiyar buldog, aka rubuta siffar da ake so baƙi a kan fari: kai ƙato, fuska gajeriya ƙwarai, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama ya lanƙwaso, kafaɗa faffaɗa, ƙugu tsukakke. Sai Charles Cruft, gogan da ya fara da tallan biskit ɗin kare, ya buɗe babbar gasarsa a 1891, wadda har gobe ake yi da sunansa. Alƙali ya duba, wanda ya fi kowa cika sharaɗi ya ɗauki kambu. Wanda ya ɗauki kambu shi ake kai wa mata. 'Ya'ya su fi uba, jikoki su fi 'ya'ya. Duk lokacin da hanci ya ƙara nutsewa cikin fuska, sai masana su gyaɗa kai su ce saura kaɗan.

Inda gwanintar take, wadda ba kowane ido ke gani ba, shi ne ƙashi kaɗai kuka rage. Naman ciki yana nan yadda yake. Harshe na babban kare ne, ganɗa ta babban kare ce, haƙora arba'in da biyu suna nan cif, duk an ce su zauna a rabin wuri. Kamar a rushe rabin ɗakin amarya ne, a ce gado da kujeru da kabet da jeren kwanuka kada a fitar da ko cokali. Haƙora suka hau juna. Ganɗa ta zarce ta kwanta a bakin maƙogwaro, tana kaɗawa da kowane numfashi. Ƙofofin hanci suka tsuke suka zama tsaga biyu. Fatar da ta rasa ƙashin da za ta rufe ta ninke a kan fuska, ninki bisa ninki, kowanne da damshinsa da warinsa da ƙurajensa. Idanu kuwa, da ramin da suke zaune ya rasa zurfi, sai suka fito waje suna kallon duniya da mamaki, har fatar ido ta kasa rufe wasu sosai ko a cikin barci. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun auna numfashin buldog da pug da buldog ɗin Faransa, suka ce kusan rabinsu na fama da toshewar hanyar iska. Rabi guda! Wane maƙeri ne a duniya zai nuna aiki mai daidaito irin wannan?

Kare ba ya zufa a jiki irin ta mutum. Da haki yake fitar da zafi, iska ta bi ta kan danshin hanci da harshe ta sanyaya jini. Wanda ya toshe wannan hanya ya yi wa kare gata babba, domin ya raba shi da rana har abada, ya mai da shi ɗan gidan sarauta wanda ba ya fita sai da sanyin asuba. Binciken da aka wallafa a Ingila a 2020 ya nuna buldog ya ninka karen Labrador sau 14 wajen haɗarin faɗuwa saboda zafi, a Ingila fa, ƙasar hazo da yayyafi. A Jami'ar Georgia ta Amurka akwai buldog mai suna Uga, tambarin ƙungiyar ƙwallonsu, wanda ake gadon sarautarsa. An gina masa ɗaki mai na'urar sanyi a bakin fili, ranar wasa kuma a kan buhun ƙanƙara yake kishingiɗa. Wane basarake ne ya taɓa samun wannan shimfiɗa? Uga na bakwai ya bar duniya a 2009 yana da shekara huɗu, zuciya ta tsaya. Manya ba sa daɗewa.

Sai uwayen gida da iyayen gida, masu riƙon amana, masu kyakkyawan zato, waɗanda Allah ya hore wa kunnen da ke jin waƙa a inda likita ke jin shaƙewa. Ku tambaye su halin karensu, ku sha labari. Za su ce ai shi ba ya son wahala, taku kaɗan ya zauna a bakin titi, sarkin 'yan hutu ke nan. Za su ce yana da minshari mai ban dariya, har daga falo ake jinsa. Za su ce da ɗan wasansa a baki yake barci, don tsabar ƙauna, ko kuma a zaune yake gyangyaɗi ya ɗora haɓa a kan kujera, sai ka ce dattijo. Su ɗauki bidiyo su ɗora a Instagram da TikTok, jama'a ta yi ta tura alamar zuciya. Likitocin dabbobi, waɗanda karatu ya ɓata wa ido, suna cewa abin wasan nan tokare baki yake yi da shi don iska ta samu hanya, zaman nan kuma don in ya kwanta maƙogwaro zai rufe ne. A 2012 masu bincike a kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan sun tambayi masu irin waɗannan karnuka da aka tabbatar suna da ciwon. Kashi 58 cikin ɗari suka ce karensu ba shi da matsalar numfashi. Wannan ita ce soyayya ta ainihi, wadda ba ta bari gaskiya ta shiga tsakani.

Kuma kada wani ya ce ba sa ɗawainiya. Kullum sai an bi ninkin fuska da auduga an goge, an busar, an shafa magani. A bi ƙarƙashin murɗaɗɗiyar wutsiyar nan, wadda ta nutse cikin jiki har mai ita ba ya iya kaɗa ta, a share. A ɗiga maganin ido. A sayi ɗamarar ƙirji, domin igiyar wuya tana iya shaƙe shi. A kiyaye shi daga ruwa, domin nauyin kai yana iya nutsar da shi. In abu ya yi tsanani a kai shi asibiti a faɗaɗa ƙofar hanci da wuƙa, a datse ganɗa, a biya kuɗin da kan haura fam dubu. Ku dubi tsarin nan da kyau. An biya mai kiwo don ya toshe hanci, an biya likita don ya buɗe, an biya kamfanin inshora don ya tsaya a tsakani. Gida uku sun ci abinci daga hanci ɗaya. Karen banza mai dogon baki, wa ya taɓa ƙaruwa da shi?

Batun haihuwa kuwa, nan ne ƙasaita ta kai maƙura. Ƙugun uwa an tsuke shi, kan ɗa an ƙara masa girma, don haka hanya ta rufe. Wani bincike na 2010 a kan karnukan da ke da rijista a Ingila ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwar buldog da buldog ɗin Faransa da tiyata ake yi. Da yawa ma barbarar ta fi ƙarfinsu, namiji ba ya iya hawa, in ya hau numfashi ya ƙare, sai a ɗebo a ɗura da sirinji. Asibitocin wannan hidima, waɗanda da yawansu ba likita ke riƙe da su ba, sun tashi daga 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa a Birtaniya cikin 'yan shekaru. Ga dabba ke nan da ba ta shiga ciki sai da hannun mutum, ba ta fita ciki sai da wuƙar mutum. Ina aka taɓa ganin biyayya irin wannan?

Pug ma ya samu rabonsa. A 1745 mai zane William Hogarth ya zana kansa tare da pug ɗinsa, hoton yana ajiye a gidan Tate na Landan. Duk mai son ganin jahiliyyar da aka fito daga cikinta ya je ya duba: kare da baki a fili, da ƙafafu dogaye, babu abin tausayi ko ɗaya a tare da shi. Sai kuma karen Cavalier King Charles, mai kunnen alharini, ɗan lelen gimbiyoyi, shi an rage masa ƙoƙon kai har ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan. Ruwa yana taruwa a lakar bayan wasu, su riƙa sosa iska kusa da wuya suna kuka. Zuciya kuma takan fara yoyo ga kusan rabinsu tun suna shekara biyar.

Ba a rasa mahassada, gwani ba ya rabuwa da su. A 2008 BBC ta nuna wani fim mai suna Pedigree Dogs Exposed, ta tona abin da ba a tambaye ta ba, sannan ta daina nuna gasar Crufts bayan fiye da shekara arba'in. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ma ta janye. Matsin ya yi yawa har a 2009 aka sassauta kalmomin siffa, aka kuma daina yi wa 'yan kwikwiyo rijista in uba ne ya haifa da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa. Ku ji irin zumuncin da aka yi fiye da shekara ɗari ana rayawa, aka zo aka yanke rana ɗaya. Amma an makara, alhamdu lillahi, domin a 2016 masana a Jami'ar California da ke Davis sun binciki jinin buldog 102 suka ce dangin ya riga ya matse, da wuya a samu abin gyara daga cikinsa. Aikin ƙwarai ba ya warwaruwa. Holand ta fito a 2019 da ma'auninta, wai kada a haɗa karen da bakinsa bai kai sulusin tsawon kansa ba. Kotun ƙolin Norway ta yanke a 2023 cewa kiwon Cavalier ya saɓa wa dokar jin daɗin dabbobi. Kamfanonin jiragen sama da dama suka daina ɗaukar masu gajeriyar fuska a ɗakin kaya, don kawai ma'aikatar sufuri ta Amurka ta ƙirga karnuka 122 da suka mutu a jirgi cikin shekara biyar, ta tarar kusan rabi su ne, buldog kaɗai 25.

Duk wannan bai girgiza kasuwa ba, kasuwa kuwa ita ce alƙalin alƙalai. Buldog ɗin Faransa, jikan ƙananan karnukan da masaƙan Nottingham suka ƙetara teku da su, ya ture Labrador daga matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2018, ya sake ture shi a Amurka a 2022 bayan shekara 31 yana kan karaga. Darajarsa ta kai a 2021 aka harbi mai yawo da karnukan mawaƙiya Lady Gaga a Los Angeles aka sace biyu, ita kuma ta sa tukuicin dala 500,000. Yanzu sun fara sauka Legas da Abuja a gidajen masu hali, kuma muna fatan alherin ya iso Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, ranar da zafi ya haura digiri 40 aka kuma ɗauke wuta, mutanenmu su ga yadda kare ɗan asali yake karɓar rana.

Ƙididdigar da aka fitar a Ingila a 2022 ta ba ƙaramin karen Jack Russell, wanda ba a gama ƙera shi ba, shekara 12.7 a duniya. Ta ba buldog 7.4, pug 7.7. Shekara biyar cur na tsufa da furfura da cin abinci a banza kuka ɗauke wa bawan Allah. Masu shi kuwa sun gode. A wani bincike na 2020, kashi 93 cikin ɗari na masu waɗannan karnuka sun ce in wannan ya tafi irinsa za su sake saya.

Saboda haka kada ku sassauta, ya ku zakaran gwajin dafi, masu mai da ciwo ado. An riga an fito da buldog ɗin Faransa mai launin dabbare-dabbare wanda haɗa biyunsu kan haifi kurma ko makaho, an fito da mai dogon gashi, an ma fito da marar gashi sam. Sai dai idon masoyi yana hango sauran aiki. Har yanzu akwai 'yan kwikwiyon da ke iya haye matakala uku ba su tsaya ba, akwai kuma waɗanda ake samu suna barci a kwance, shiru, baki rufe, har gari ya waye. A duba zuriyarsu, ranku ya daɗe, kafin su ɓata jini.