Tsegumi: Abin da Ake Raɗawa a Rumfunan Kanikawan Hanyar Kwaja

Ku matso kusa, jama'a, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Daga Kwaja ta gangaro, can kan duwatsun Mubi ta Kudu, bakin iyakar Kamaru, inda babur ya fi mota daraja domin shi ke kai mutum har ƙofar gida.

Duk wanda ya ga Boxer ɗin da ke hawa wannan hanya ya san ba haka kamfanin Bajaj ya ƙero shi a Indiya ba. Ana fitar da shi daga kwali sai wurin mai walda. A ƙara wa kariya tsawo da rodi, a ninka shokozoba ta baya ta koma biyu-biyu, a sa sifokis masu kauri, a canza faifan haƙoran kaca na baya da wanda ya fi girma. Wannan na ƙarshe yana ba babur ƙarfin hawan dutse, amma yana rage masa gudu, yana kuma ƙara masa shan mai. Injin da bai wuce wajen cc 100 ba, wanda aka yi don mutum biyu, sai ka gan shi da buhunan masara ko wake, direban yana zaune a kan tanki. Akwai kuma masu jarkoki. Tun Nuwamba 2019, da hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jarka ta samu gata a bayan babur. Ina take nufa da dare? Wannan kuma ku tambayi wanda ya ɗaura ta, ni ban ga komai ba.

Abin da kanikawa ke faɗa in mai babur ya juya baya shi ne: kowa na kashe kuɗi a kan abin da zai ƙara masa kaya, ba wanda ke tuna birki. Saurayi zai sayi oda mai kukan tirela, ya jera fitilu masu launi, ya sa a huda salansa don 'yan mata su ji zuwansa tun daga nesa, sannan ya ce, "Oga, ɗan ɗaure mini birkin nan," kuma kyauta yake so. Alhali takalmin birkin ya cinye, ƙarfe ke gugar ƙarfe.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, wata sabuwar dabara ta shigo. In an zo gangara sai a kashe inji, a cire giya, a bar babur ya sulalo da kansa. Mai dai an yi tsiminsa, ba musu. Amma giya ce ke riƙe babur a gangara, in babu ita dukkan nauyin ya koma kan birki, shi kuma birkin Boxer irin na cikin ganga ne, in ya ɗau zafi sai ya daina kamawa. Wata baiwar Allah da ta hau irin wannan an ce tun daga sama take salati, da suka iso ƙasa ta ce, "Ɗana, karɓi kuɗinka, komawa da ƙafa zan yi." Wasu kuma kafireta suke sa a matse musu don ta rage sha, injin ya riƙa zafi fiye da kima, bayan 'yan watanni a dawo neman fistin da ringi. Abin da aka tara a mai ya tafi a gyara, har da ciko.

Baƙin mai ma da nasa labarin. Ana raɗe-raɗin akwai yaran da ke bi rumfa-rumfa suna sayen robobin da aka juye, kuma sun fi son masu murfi lafiyayye. Me za a yi da robar da ba komai a ciki? Ku dai lura, in bakanikenku mai tsoron Allah ne, a gabanku zai huda robar bayan ya juye.

To, ga wanda ya sa na ce ku matso. Wani alhaji a cikin garin Mubi, ba zan faɗi layinsu ba, ya sayi babur sabo dal ya ba wani yaro a kan balas: kullum ya kawo abin da aka yanka masa, babur kuma na Alhaji ne. Ba a daɗe ba babur ya fara tari, in an taka da safe sai an yi ta fama. Aka kai wa bakaniken Alhaji. Ya kwance, ya juya kafireta a hannu, ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, wannan ba ita ta zo da shi ba." Aka duba fulogi, haka. Kaca, haka. Batir, haka. Fenti da lambar inji ne kawai ba a taɓa ba.

Kada ku yi mamaki, kasuwa ce ta jawo. Kayan gyaran da ke zuwa daga Nnewi da Onitsha da Kano hawa-hawa ne, kwali ɗaya, suna ɗaya, aiki daban. Shi ya sa mai shago ba ya tambayar wanne kake so, sai ya ce, "Na nawa za a ba ka?" Da aka saki naira ta yi iyo a Yuni 2023, mai kyaun ya yi tsadar da ɗan acaɓa ba ya iya kaiwa. Nan da nan kayan da suka zo a jikin sabon babur suka zama zinariya, domin su kaɗai ne ba a shakkar asalinsu. Yaro ya cire na asali ya sayar, ya sa na jabu, ya soke bambancin a aljihu, bakaniken da ya yi aikin ya samu na goro.

Alhaji ya tashi zai kai ƙara, sai aminansa suka ja shi gefe. Ashe shi ma kayan babur yake sayarwa, kuma kafiretar jabun da aka samu a ciki daga shagonsa ta fito, da rasit ɗin da aka rubuta mata "orijina". In an je gaban hukuma, wa zai fara bayani? Aka kashe maganar a zaure, yaro ya ce, "Baba, a yafe mini," Alhaji ya karɓe makulli. Ni dai a ganina an yi kunnen doki.

Yanzu masu ba da babur balas sun farga. An ce sun koma ɗiga jan farce a kan kowane noti da kowane ƙarfe mai daraja, duk Juma'a a zo a duba ko alamar na nan. Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci. Sai ga wata mai sayar da kayan kwalliya a kasuwar Mubi tana ba ƙawarta labari, wai ita ta rasa gane kan samarin bana: 'yan acaɓa sun fi amare sayen jan farce, kuma kowanne sai ya zo da hoton launin da yake so a waya, ya ce in ba irinsa sak ba ne ba ya saye.