Gwiwar Hannun Alhaji

Sana'ata hoton katin ɗan ƙasa da na takardun makaranta. Ɗan shagona yana Birnin Ƙonni, ba nisa da tasha, da farin ƙyalle a bango da benci guda. Mutum ya zauna, in ce ya ɗaga haɓa, ya haɗiye murmushi, ya cire hula in zai yarda, in latsa, ya biya, ya kama gabansa. Duk wanda na taɓa ɗauka a duniya a zaune yake, da rana tsaka, kuma tsorona yake ji. Da wannan ilimi na karɓi aikin ɗaukar wasan mawaƙi da dare.

Mai wasan wani Alhaji ne dillalin albasa na wajen Galmi, irin waɗanda manyan motocinsu ke kwana a hanyar Akara da Abijan. Albasar fari ta yi kuɗi, ga shi zai aurar da ɗiya, sai ya rantse ba za a ƙare bikin da kiɗan ƙwarya kaɗai ba. Ya aika tsallaken iyaka aka ɗauko mawaƙin zamani, da mai fiyano, da mai kalangu, da 'yan amshi mata, aka ce a wani fili gabas da Malbaza za a yi. Mai hoton da ya saba yi masa aiki ya sayar da kayansa ya tafi arewa haƙar zinari, shi ya sa direban Alhaji, wanda na taɓa yi wa hoton takardar tuƙi, ya ba da sunana.

Kyamarar shagona ba ta aikin dare. Na aro wata Canon mai dogon baki wajen ɗan baffana da ke aiki da wata ƙungiya a Tawa. Da zai miƙo mini ita bai sake ta nan da nan ba. Ya ce in ƙura ta shiga cikinta, to zumunci ya ƙare, kuma har 'ya'yanmu.

Daga nan na shiga makarantar YouTube. Ashe Turawa sun mai da ɗaukar mawaƙi ilimi mai dokoki. A manyan wasanninsu akwai wani fili tsakanin dandamali da 'yan kallo, masu hoto kaɗai ke shiga. Waƙa uku na farko ake ba su, ba a yarda a kunna filasha ba, daga nan a fitar da su. Malaman suka ce ka buɗe idon kyamara iyakar buɗewarsa, ka sa ta ƙifta da sauri, kamar kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO ya kai 3200, sannan ka yi farautar lokacin da mawaƙi ya manta da kansa. Na rubuta duk wannan a bayan hannuna da biro. Na ɗinka riga mai aljihu bila adadin, na kuma buga wa kaina kati a shago, da hotona da babban rubutun PRESSE, na rataya a wuya.

Mun bar Ƙonni bayan la'asar, muka wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ke rabuwa, muka wuce Malbaza. Garin siminti ne tun shekarun 1960, ga kuma hunturu ya sauko, ba ka sanin ƙurar da kake shaƙa ta Allah ce ko ta masana'anta. Kyamara tana cikin leda, ledar tana cikin zanen matata, zanen yana cikin rigata.

Filin masu hoto dai babu shi. Dandamalin bayan babbar motar Alhaji ne, an sauke gefe guda, har yanzu ɓawon albasa na tashi in an taka. Gabansa kujerun roba na manya, gefe tabarmin mata, sauran duniya kuwa yara ne, da wasu ƙarti biyu masu tsumagiya da aka ɗauka don yaran. Na nufi gaba da ƙarfin gwiwa, na ɗaga katina. Ƙaton ya kalli katin, ya kalle ni.

"Wanga mi ne?"

"Ɗan jarida ne, yallaɓai. Mai hoton Alhaji."

"To koma can baya da 'yan uwanka."

'Yan uwan nawa babu wanda ya kai shekara goma sha biyu, ni kuwa da furfura a gemu. Sai da direba ya zo ya yi belina.

Hasken wurin fitila ce doguwa guda ɗaya a kan sanda, ƙwari sun rufe rabinta, sai wasu ƙwayaye biyu masu juyi, ja da kore. Duka, har da amsa-kuwwa da fiyano, a kan janareto ɗaya suke. Mawaƙi ya fito wajen ƙarfe goma da baƙin tabarau, wuri ya ɗauki ihu. Na ɗaga kyamara, ita kuma ta shiga neman abin da za ta kama: bakinta ya fita, ya dawo, ya fita, ya dawo, kafin ta yanke shawara mutumin ya koma ɗaya ƙarshen motar. Inda ta kama shi kuma, ko dai fuskarsa kore shar, ko ja wur. Na kuma lura bakinsa da muryar da ke fitowa ba kullum suke tafiya tare ba, domin waƙar a cikin na'ura take, shi rakiya yake mata. Mutum ɗaya ne ke zufar gaskiya a kan motar, mai kalangu.

Malaman YouTube sun ce a nemi wuri mai tudu. Na hau kan babban akwatin amsa-kuwwa. Can sama komai ya fito sarai, sai dai duk bugun da mai fiyano ya saki, ta tafin ƙafata yake shiga ya fita ta haƙorana, hotunan kuma kowane mutum ya zama tagwaye. Na sauko ban ji da kunnen hagu.

Sai aka fara liƙi, kuma a nan ne ya kamata mai hankali ya gane inda wasan yake. A wurinmu mawaƙi ba shi ne abin kallo ba, shi dai dalili ne. Sanƙira ya kira suna, ya jero kakanni, mai sunan ya taso yana gyara babbar riga, ya taka a hankali don kowa ya ƙoshi da ganinsa, sannan ya fara manna kuɗi a goshin mawaƙi ɗaya bayan ɗaya. Wannan tafiyar ita aka zo yi. Akwai kuma dabara a ciki: takardar sefa mafi ƙanƙanta ta ɗari biyar ce, tsaba kuwa ba ta zama a goshi, don haka tun da safe kowa ya bi ta wajen 'yan canjin Ƙonni ya mai da jikkunansa naira sababbi. Jika goma sai ta zama dami. Can Najeriya liƙi da naira laifi ne a doka, a 2024 har ɗauri aka yi wa wani a Legas a kansa, amma nan ƙasar wasu ce, naira na zuba ba mai ce mata sannu.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Na riga na durƙusa gindin mai kalangu, inda hasken doguwar fitila ke sauka daidai. Dattijo ne siriri, da zoben azurfa a ɗan yatsa da wata tsohuwar laya ɗaure a jikin gangar. In ya matse igiyoyin da hammata sai muryar kalangu ta hau, in ya sassauta ta sauko, jijiyar damtsensa na tashi tana kwanciya tare da ita. Fatar gangar ta yi baƙi a tsakiya, inda sandan ke sauka shekara da shekaru. Na riƙe numfashi na latsa, kuma wallahi ya fito. Na sake, ya fito. Ina nan ina jin kaina wani abu, sai wata Hajiya ta daki bayana da jaka.

"Kai mai hoto! Uban amarya ya hito, kai kana nan kana ɗaukar hammata!"

Na zabura. Alhaji yana tsakiyar fili cikin shadda mai ruwan madara, yaransa biyu riƙe da damman naira, jama'a ta rufe shi. Na kutsa, ƙaton nan ya ga motsi ya sauke mini tsumagiya a gadon baya bisa ƙa'idar aikinsa. Na ce dokar Turawa ta tsaya a Turai, na ɗaga filasha na latsa. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne, filasha in ta haɗu da ƙurar da ɗaruruwan ƙafafu suka tayar, kowace ƙwayar ƙura fitowa take fara, zagayayya. Hoton ya cika da fararen ƙwallaye, Alhaji na can wani wuri a bayansu. Wata tsohuwa da ta leƙa allon ta yi salati ta ja da baya, ta ce dama an faɗa wannan fili ba mu kaɗai ke cikinsa ba.

Ban gama gyara ba janareto ya yi tari biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Mu da muka tashi da man kwalba jere a bakin titi, arha kamar a roƙe ka ka saya, tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 sai auna shi ake yi, wanda aka aika saye kuma ya auna har da rabonsa.

Duhu ya rufe, ga kuɗi zube a ƙasa. Abin da ya biyo baya kunne ne ya shaida shi: kujeru na karyewa, tsumagiya na sauka a kan mai rabo, mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Yaron mawaƙi mai tattara kuɗi ya laluɓo wuyan rigata.

"Malam, don girman Allah haska! Yi ta haskawa!"

Na yi ta latsawa. Duk walƙiya ɗaya sai ka ga mutane sun daskare a rarrafe, hannu a ƙasa, ido a waje, sai duhu ya sake rufewa. Haka na zama fitilar taro har aka samo mai a wani ƙauye. Da wuta ta dawo, kyamara ta nuna jan batir, ta rufe ido. Na biyun yana Tawa, cikin aljihun ɗan baffana.

Alhaji kuwa, da yake duhu ya katse masa hanzari, ya sa sanƙira ya sake kiran sunansa daga farko. Wannan karon da kansa ya neme ni, ya sa aka buɗe mini hanya, ƙaton tsumagiya har da ce mini "bismilla, yallaɓai". Ya zaro takarda, ya manna, ya juyo ya dube ni, ya tsaya. Me zan ce masa a gaban surukansa? Na ɗaga matacciyar kyamara na kanne ido ɗaya. Ya sake mannawa, ya sake juyowa. Na durƙusa, na miƙe, na karkata, har na ce masa ya ɗan ɗaga haɓa. Ya ɗaga. Dami biyu ya ƙarar a haka, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya tsayawa hoto kamarsa ba.

Washegari na same shi a rumfarsa a Galmi, buhuna jibge har rufi, ana ta lodi. Na buɗe kwamfuta. Ya ga kore, ya ga ja, ya ga tagwaye, ya ga aljanu. Ya ga hammata kashi-kashi. Bai ce komai ba sai da muka kai ƙarshe.

"Ɗana, ina ni?"

Na koma baya na nemo wani hoto, na nuna masa kusurwar dama. Gwiwar hannu ce cikin shadda mai ruwan madara, ta fito tsaf, har ana ganin aikin ɗinkin.

"Ga ka nan, Alhaji, Allah shi ƙara girma."

Ya daɗe yana kallonta. Na tuna Malick Sidibé na Bamako, wanda ya yi suna da hotunan rawar samari a shekarun 1960 har aka ba shi babbar kyauta a Venis a 2007. Shi da filasharsa yake zuwa, ya kwana yana wanki, da safe ya baje hotuna kowa ya zo ya nemi fuskarsa ya biya. Philippe Koudjina ma da irin wannan ya ci abinci a gidajen rawar Yamai. Babu ɗayansu da ya kai wa mai biki hoton hammata.

Abin da ya cece ni hotunan duhu ne. Alhaji ya ce a koma kansu, a hankali. A na tsakiya ya ce in tsaya, in ƙara girma. Wani babban mutum ne a rarrafe, hularsa ta karkace, hannunsa cike da naira yana turawa a aljihun gaba. Amininsa ne, abokin hamayyarsa a kasuwar albasa, wanda ya zauna a kujerar farko. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya kira yaransa su gani, ya ce wannan a wanke masa babba, a sa gilashi.

Sauran kuma ya ce gyara ba ya gagara. Mawaƙi ya riga ya tsallaka iyaka tun asuba, sai aka sa wa direba baƙin tabarau, aka ba shi tocila ya riƙe a bakin makirfo, ya ba kyamara baya. Alhaji ya sake saka shaddar jiya, aka karɓo canjin naira wajen mai shayi. Rana tsaka, mutum a tsaye cak, yana jin maganata: nan fa aka zo gidana. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, in ban da buhunan da ke baya. An biya ni rabin kuɗi da buhun albasa guda, ladan ɗaukarsa zuwa Ƙonni kuma daga aljihuna.

Mai kalangu ya bugo waya bayan mako. Ya ji labarin hoton hannunsa, yana so, zai biya, in ba direban tasha ya kai masa Illela. Na wanke mafi kyau, na sa a ambulan, na ba wani mai mota da ke lodin Illela ta hanyar Tawa, tamu ta Nijar. Dattijon kuwa mutumin Illelar Sakkwato ne, wadda ke nan bakin iyaka, da ɗan kabu-kabu zai kai masa kafin shayi ya huce. Mai motar ya yi ta cigiyar mai hammata a tasha bai samu ba, ya bar ambulan wajen wani mai gyaran rediyo. Da na aika a karɓo, mai rediyon ya ce ya riga ya manna a bango, kuma sai an biya shi kuɗin ajiya.